Maigida yace in tattaro yara mu koma Ikorodu bayan kaka, dan Allah ku bani shawara

Admin:
Saƙo ne daga wata 'yar uwa, tace a ɓoye sunanta. A bata shawara cikin mutunci dan Allah, banda gori.

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema dan wallahi kwana biyun nan ko baccin kirki bana yi. Ni a wani ƙauye nake aure a ƙasar Ringim, yarana huɗu, babbar mace ce tana aji biyu a ƙaramar sakandare, autan kuma ban yaye shi ba. Maigidana tun kafin aurenmu yake zuwa Legas, da farko ci-rani ne, ana gama girbi ya tafi ruwan farko ya dawo gona, to a hankali abin ya koma zama, yanzu sai babbar Sallah muke ganinsa, wani lokacin da azumi. Da acaɓa yake yi, da aka hana a 2022 aka kama mashin ɗin har yau bai dawo ba, shine wani ɗan garinmu ya ja shi kasuwar Mile 12 wajen 'yan albasa, kuma alhamdulillahi ba abin da zance, yana turo mana daidai ƙarfinsa.

To ni a gidan gandu nake, da uwar mijina Inna da facaloli biyu. Inna tunda ta zame a bakin rijiya ƙafarta bata koma daidai ba, ni ce wankinta, ni ce dama mata kunu, ni ke riƙe ta zuwa bayi da daddare. Babbar facalata tace ita hawan jini gareta, ƙaramar kuma wai har yanzu kunyar Inna take ji alhali ɗanta har ya fara tafiya. Lokacin ambaliyar 2022 da katangar sashenmu ta zube ɗakin Inna muka koma ni da yara har aka yi kaka, a nan ne ma muka shaƙu, dan da can bata sona, 'yar ƙanwarta taso ya aura, har ranar kawo lefe sai da aka yi cacar baki akan turmin atamfa guda da gwaggona tace tsohon yayi ne, abin ya daɗe ana jansa, sunan fari ma Inna ko leƙowa bata yi ba sai da yamma. Amma yanzu ko ruwa in ba ni na miƙa mata ba sai tace bai yi sanyi ba.

Yanzu yace ya samu ɗaki a Ikorodu, wai unguwar kusa da ruwa take, in ya fito bakin titi yana hango jiragen da ke kai mutane cikin gari. Yace da an kai amfani rumbu in taho. Ni ko Kano sai asibiti ya kama nake zuwa, bana jin Yarbanci, Turancin ma ɗan abin da ba a rasa ba. Ina ƙuli da man gyaɗa, ina da masu saro daga kasuwar Gujungu, ina cikin adashi biyu. Dan Allah wadda ta san zaman can ta faɗa min gaskiya, ya ruwa, ya maƙota, ya makarantar yara? In je ne ko in lallashe shi ya bari?

Maman Sadiƙu:
Wa alaikumussalam. Ki yi istihara ki bi mijinki 'yar uwa, inda miji yake nan ne gidan mace. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Hajiya ta Dambatta:
Baiwar Allah kin zo inda ya dace, dan ni da ƙafata na yi zaman Ikorodu ba labari aka bani ba. A Sabo muka zauna, a can na haifi yarana uku kafin Alhaji ya dawo damu gida. Tambaya ta farko, wace unguwa ce? Ikorodu ba ƙauye bane da za a ce miki Ikorodu kawai a yi shiru, gari ne guda mai sarkinsa, Ayangburen suke ce masa. Akwai Sabo inda 'yan uwanmu suka fi yawa, akwai Agric, Ogolonto, Ebute inda tashar jirgin ruwa take, Majidun, Igbogbo, Ijede can wajen tashar wutar Egbin. In yace miki kusa da ruwa to ki buɗe kunnenki, a Legas talaka baya samun gidan bakin ruwa dan shan iska, gidan da ruwa ke shiga ne shi yasa kuɗinsa ke sauka. Hanyar da ta taso daga Mile 12 ta bi Owode da Ajegunle duk kwari ne, in aka saki ruwan dam ɗin Oyan ya biyo kogin Ogun wajen watan tara zuwa goma mutane akan katako suke takawa su shiga ɗakunansu, wasu kwale-kwale ke fito dasu bakin titi. Ke da kika ɗanɗana ambaliya a gida kin san me nake faɗa.

Na biyu wane irin ɗaki ne? In irin gidan yawan nan ne to bari in zana miki. Dogon lungu ne a tsakiya, ɗakuna na kallon juna hagu da dama, banɗaki ɗaya ko biyu a baya, girki kuma ko a wani ɗan kicin da kowa ke shiga ko a ƙofar ɗakinki. Kafin kiran assalatu zaki tarar da bokitai a jere a ƙofar banɗaki, kowane bokiti layin mutum ne, kuma maza da mata ne a gidan, ƙato zai fito da tawul a ƙugu ya wuce ta gabanki yana gaishe ki shi ko a jikinsa. Ke da kike da tsakar gidanki da turken awakinki, a ina zaki shanya gyaɗa? A ina zaki kafa tukunyar suyar ƙuli? Hayaƙin icce kaɗai ya isa mai gidan haya ya baki notis. Shawarata ɗaya ce, kar ki je. Ki zauna a ɗakinki ki riƙe sana'arki, shi ya dinga zuwa.

Mai tambaya:
Nagode Hajiya. Bai faɗa min sunan unguwar ba gaskiya, amma yace ciki da falo ne ba ɗaki ɗaya ba, kuma shi ba mutum ne da zai kai iyalinsa inda ruwa ke shiga ba, na san halinsa.

Hajiya ta Dambatta:
Kin san halinsa amma baki san halin ejan, wato dillalin gidan haya, na Legas ba. Da rani ya ga ɗakin ko da damina? Kice ya ɗauko miki bidiyon bangon waje daga ƙasa, in ruwa na shiga zaki ga zane ya bar alama a jikin bangon kamar ɗaurin zani. Ba su iya ɓoye wannan sai in sabon fenti suka yi, sabon fentin ma abin tambaya ne.

'Yar Gumel:
Hajiya da girmanki amma kin tsorata baiwar Allah da yawa. Ni yanzu haka da nake rubutun nan a Agric nake, kuma daga ƙauye aka kawo ni nima, ko ina kwana ban iya da Yarbanci ba lokacin. Abin da kika faɗa na ruwa gaskiya ne amma ba ko'ina ba, akwai tudu a Ikorodu sosai, mu ruwa bai taɓa shigo mana ɗaki ba sai dai layi ya caɓe.

'Yar uwa ga yadda zaman yake. Ruwan famfo na gwamnati ki cire rai, bohol ne, wani gidan mai gidan ya haƙa, wani kuma sai mai ruwa ya turo miki a kura, kuma masu ruwan ma yawanci 'yan Arewa ne da 'yan Nijar, da Hausa zaki yi ciniki. Na sha kuma fiya wata muke saye a jaka dan na wasu unguwannin kusa da ruwa yana da ɗan gishiri-gishiri ko ƙarni. Haya ta shekara ake biya gaba ɗaya, farkon shiga ga kuɗin ejan ga na agirimen ga wanda suke riƙewa wai ko zaki ɓata wani abu. Duk wata kuma akwai kuɗin gadi, kuɗin shara, kuɗin wuta a raba ɗaki-ɗaki, kuma layinmu akwai get ana kullewa da daddare. Ranar Alhamis da safe kasuwa bata buɗewa sai ƙarfe 10 saboda shara, ki sani tun Laraba ki sayi cefanenki.

Shi maigidanki babbar bas ɗin da ake kira BRT zai hau daga Ikorodu ya sauka Mile 12, tana da layinta daban, bata cika shiga gosulo irin na sauran motoci ba, sai dai layin hawa da safe. Jirgin ruwan da yake faɗa daga Ebute yake tashi ya kai mutane Ailan, wato tsibirin Legas, ana sa rigar kariya, na taɓa hawa kuma ban sake ba dan ni da ruwa sai a kofi.

Maganar sana'a kuwa nan ne na saɓa da Hajiya kwata-kwata. Samarinmu da magidanta da suka baro iyali a gida sun cika ko'ina, masu gadi, masu shayi, masu ɗinkin takalmi, 'yan keke, duk kewar tuwon gida suke. Ni tuwon masara da miyar kuka nake da daddare, da safe ɗanwake, kafin isha'i tukunya ta ƙare. Wata 'yar Kazaure a bayanmu awara da fura kawai take, ta sayi fili a gida. Ƙuli ma ana so, a gas ko kurfoti zaki yi ba da icce ba, riba zata ragu amma ana saye.

Abu ɗaya zan gargaɗe ki, danshi. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, duk abin da kika taho dashi ki zuba a roba mai murfi ki rufe gam. Ni zuwana na farko a ƙullin leda na rataye daddawa ta a jikin ƙusa yadda muke yi a gida, da na kwance duk ta yi fari fat da fumfuna, kukar ta dunƙule. Wanki ma da damina sai ya kwana biyu a igiya bai bushe ba yana tsami. Ga sauro, gidan sauro dole ne.

Maman Hanifa:
Ni dai hawaye nake ina karanta wannan. 'Yar uwa ki gode Allah naki ya ce ki zo. Nawa a Fatakwal yake, tun ina da cikin Hanifa nake roƙon ya ɗauke ni yana cewa wuri babu, haya tsada, garin ba na zaman iyali bane. Ashe ya yi aure a can har da yara biyu, a bakin wani direba muka ji, da na tambaye shi cewa yayi ai addini bai hana ba. Addini bai hana ba amma addini ne yace ka bar ni ina cin tuwo ba mai da 'ya'yanka? Uwarsa ta sani, ƙannensa sun sani, ni kaɗai ce bare a gidan ina musu daka da surfe. Yanzu ko kati na kira shi sai yace yana wajen aiki. Wallahi ki tattara ki tafi tun kafin wata ta shiga ciki da falon nan.

Hajiya ta Dambatta:
Maman Hanifa Allah ya baki haƙuri, amma namijin da zai ƙara aure ko a ƙirjinsa kike kwana sai ya ƙara. Ke kuma 'Yar Gumel yaushe kika je? Kina can a watan Maris na 2016 da aka yi rikicin Mile 12 tsakanin mutanenmu da Yarbawa? Ni ina can. An rasa rayuka, an ƙona gidaje, gwamnati ta rufe kasuwar, maza na zaune ba ciniki, mu mata muna ɗaki da yara ko wanne motsi muka ji a waje sai gabanmu ya faɗi. Ba a daɗe ba kuma aka shiga tashin hankalin 'yan ƙungiyar asirin Badoo a Ikorodu ɗin nan, 2017, ana bin mutane cikin ɗaki da daddare, maza suka koma kwana a waje suna ƙona taya suna gadi. Kuma kin faɗa mata maganar Oro? Baki faɗa ba. Al'adarsu ce, ranar da za su yi ana sanarwa mace kar ta fito, ko Bayarabiya ko Bahaushiya, shaguna a rufe. Yaro ya kwana da zazzaɓi a irin ranar mijinki na kasuwa, ya zaki yi? Ki faɗi daɗin tuwo ki faɗi wannan ma.

'Yar Gumel:
Ban ɓoye ba Hajiya, mantawa na yi. Oro ana sanarwa tun da wuri kowa ya shirya, ba kullum bane. Badoo kuma ya wuce tun tuni. In maganar tsoro ce a gida ma ai ana kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin dabbobi. Kuma kar a sa mata ƙin mutane tun bata gansu ba, rabin layinmu Musulmi ne, matansu na zuwa masallaci, ranar Lahadi su yi fararen kaya su tafi taron addu'a da suke kira asalatu. Haihuwata ta biyu tsakar dare ta zo maigida na wajen aiki, maƙociyata Bayarabiya ce ta tashi mijinta ya kai ni asibiti, ita ta dafa min ruwan wanka sati guda kafin yayata ta iso. Su dai gaisuwa ce, ki gaida babba ki ɗan rusuna, in ranar sharar ki ce ki yi, kar yaranki su yi bahaya a kwata, shikenan kun zauna lafiya. Har adashinsu nake ciki.

'Yar Bunkure:
Ni ba zaman nake tsoro ba, hanyar. Mu nan har yanzu bamu dawo daidai ba tun abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, mutum 16 mafarauta 'yan yankinmu suna hanyar dawowa gida yin Sallah aka tare su aka kashe. Akwai matan da na sani da idona da suka zama zawarawa rana ɗaya. Na san ba hanyar Legas bace amma kudu kudu ce a wajena. Ni ko ɗana yace zai tafi ci-rani yanzu sai mun yi rigima.

Matar Direba:
Allah ya jiƙansu. Amma hanyar daban ce, ta Legas Kaduna ake bi a shiga Neja a tsallake gadar Jebba sai Ilori sai Badun. Mijina kullum a kanta yake da tirela. Abin da zance kawai kar ki yarda a ɗora ki da yara a saman motar kaya ko ta shanu dan a rage kuɗi, ana yi kuma ana mutuwa. Ki je Sabon Gari ki hau babbar bas, ki riƙe ruwa da abin tauna da zanin rufa, tafiyar kwana ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya haukace, to ki sa a ranki in kin tafi ba zaki dinga zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa yadda kika saba ba. Wannan shi yafi cin mata a can, a yi rasuwa a gidanku sai dai ki yi kuka a waya.

Malama Uwani:
Ni ɓangaren makaranta zan yi magana dan aikina ne. Makarantun gwamnati a Legas da Turanci ake koyarwa, kuma tun 2018 doka ta sa Yarbanci dole ne a makarantun jihar. Ƙananan ba matsala, kafin shekara zaki ji suna yi har su fi ki. Babbar ce abin dubawa, yarinyar da ta taso ana mata bayani da Hausa a aji zata sha wuya, wataƙila ma a maida ta baya. Ki karɓo mata takardar canjin makaranta da sakamakonta tun yanzu, da takardar haihuwa. Islamiyya akwai, amma in kina son irin tamu ta Hausa sai kusa da Sabo ko inda 'yan uwanmu suka taru.

Mai tambaya:
Malama nagode amma babbar ba da ita zan tafi ba, ita zata zauna wajen Inna ta ci gaba da makarantarta anan. Haka muka tsara da babansu. Kuma Hajiya maganar in zauna in riƙe sana'a, ai na riga na sayar da awakina da tunkiya na haɗa da kwasar adashi ɗaya na tura masa aka cika kuɗin hayan, dan ejan ɗin yace in ba a biya a satin ba wani zai ba.

Hajiya ta Dambatta:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To shawarar me kike nema baiwar Allah? Kin sayar da dabbobinki kin biya hayar ɗakin da baki san sunan unguwarsa ba, baki ga hotonsa ba. Rasit ɗin da sunan wa? Kin gani? Wannan maganar ta wani zai karɓa in ba a biya yau ba ita ce waƙar kowane ejan tun ina amarya. Sannan yarinya 'yar aji biyu ita zaki bar wa jinyar tsohuwar da manyan mata biyu suka gudu suka bar miki? Ita zata riƙe ta zuwa bayi da daddare ta tashi da asuba ta dama kunu ta tafi makaranta? Ki rubuta ki ajiye, kafin zango biyu an cire ta daga makarantar, kafin ki dawo ganin gida an karɓi kuɗin gaisuwarta.

Mai tambaya:
Hajiya ba haka bane, baki san gidanmu ba. Yarinyar ita da kanta tace zata zauna dan ta shaƙu da kakarta, a ɗakinta ma take kwana tun tuni. Babanta kuma yana son karatunta fiye da kowa, shi ya saya mata keke. Dabbobin kuma nawa ne ba wanda ya tilasta ni, mijina ne uban 'ya'yana, da mashin ɗinsa ya tafi bai taɓa barinmu da yunwa ba ko sau ɗaya, in ban taimake shi ba wa zan taimaka? Ni abin da na tambaya yadda zaman can yake.

Uwar Biyu:
Gaskiya Hajiya ta faɗi gaskiya akan yarinyar. Ni aka yi wa haka, aka bar ni wajen kakata iyayena suka tafi Kurmi, daga aji shida ban ƙara ba, facalolin uwata suka maida ni baiwa, ɗebo ruwa ni, niƙa ni, raino ni. Har gobe in na ga ƙawayena da suka zama ma'aikatan asibiti sai raina ya ɓaci. Inna ai tana da 'ya'ya maza a gidan, su sa matansu su yi, dama dan sun ga kina yi ne suka naɗe hannu.

Maman Sadiƙu:
A'a ku daina zuga ta. Jinyar tsohuwa lada ne, yarinyar ma albarka zata samu. Kuma garin da ake faɗar maza da tawul a tsakar gida ai gara budurwa ta zauna a gida.

'Yar Gumel:
Nima a nan ban goyi bayan barin ta ba gaskiya, amma ga tsakiya. Tunda an biya kuɗin an biya. Ki je ke da autan kawai bayan kaka ki yi wata ɗaya ko biyu, gani ya kori ji, ki ga ɗakin ki ga maƙota ki ga inda zaki kafa tukunya, sauran yaran su zauna. A nan ne ma za a ga ko facalolin zasu tashi su kama Inna. In ya yi miki ki dawo ki kwashi kowa har babbar. Ki turo min sunan unguwar ta wajen Admin, in kusa ne ni da kaina zan je in duba miki bangon da Hajiya ke faɗa.

Hajiya ta Dambatta:
Wata ɗaya da rani ba zai nuna mata komai ba, lokacin garin a bushe yake kowa na murmushi. In gwaji ne ta je a watan shida ko bakwai da ruwa ke kwana yana zuba. Kuma kuɗin zuwa da dawowa da sake komawa wa zai biya, awakin da aka sayar? Ni na gama magana ta, ya nemi wanda zai saki wa ɗakin ya karɓi abin da ya samu ya maido mata dabbobinta. Mu da muka je muka dawo ba hauka muke ba. Alhaji da shagonsa da komai ya tattara ya dawo, dan ya ga yaranmu sun fara amsa mana da Yarbanci, babban ko gaida mutane da Hausa sai an tuna masa.

Maman Hanifa:
Hajiya ke Alhajinki ya tafi dake ya dawo dake, shi yasa kike ganin zaman gida da sauƙi. Ki tambayi mu da muke kwana mu kaɗai shekara da shekaru.

Malama Uwani:
Wai ita Inna an faɗa mata ma kuwa? Ban ga inda kika ce ta sani ba.

Mai tambaya:
Bata sani ba tukunna Malama, yace in bari sai ya zo da kansa ya faɗa mata dan in daga bakina ta ji zata ce ni na kitsa. Facalolin ma basu sani ba, sun dai ga an fita da awaki nace musu bashi zan biya. Na kira shi ɗazu akan sunan unguwar yace suna sauke kaya zai kira ni da daddare, kuma yace in daina biye wa maganar mutane ɗakin lafiyarsa ƙalau. 'Yar Gumel in ya faɗa zan turo miki. Amma maganar in je ni kaɗai in dawo ba zai yarda ba na sani, yace shi ya gaji da cin abincin kasuwa ne.

Hajiya ta Dambatta:
In ya kira kice ya turo rasit da bidiyon bango, duka biyun, kuma da rana ba da daddare ba.

Matar Direba:
Wai 'Yar Gumel nawa ake sayar da kwanon gero a can yanzu? Maigida yace ƙanwarsa na so a kai mata buhu in ya tashi lodi, nace ya bari in tambaya ko ya fi sauƙi ta saya a can.